RANA DA NONO, MAGINAN ƘASHIN YARO

Jama'a, ƴan makarantar yaƙi da jahilci, maza da mata, karatunmu na wanga karo a kan bitamin D ne.

Kowace ranar kasuwa muna ganin masu tallar magani. Wani bisa keke, wani da faranti a ka. Suna cewa: ga bitamin mai sa ƙarfi, mai sa ƙiba, mai kore gajiya. Mutum ya saida tiyar hatsinsa ya saye. Cikin waɗanga ƙwayoyi har da wadda ake kira bitamin D. To mene ne bitamin D? Wane aiki yake yi cikin jiki? Wa ke bukatar shan shi, wa ba ya bukata? Mu karanta sannu sannu, mu gane.

ƘASHI GINI NE

Jikin mutum kamar ɗaki yake. Ƙashi shi ne ginin da ke riƙe da shi. Tubalin wanga gini sunansa kalsiyom. Shi ne ke sa ɓawon ƙwai tauri. Shi ne ke sa haƙori ƙarfi. In aka raba kalsiyom ɗin jikin mutum gida 100, gida 99 cikin ƙashi da haƙora suke.

Kalsiyom daga abinci yake fitowa. Amma cin shi kaɗai bai isa ba. Sai ya ratsa hanji ya shiga jini, jini ya kai shi ga ƙashi. Nan ne aikin bitamin D. Shi ne mai ɗauko tubali daga bakin ƙofa ya miƙa wa magini. In babu shi, yawancin kalsiyom ɗin da aka ci sai ya wuce banza.

Ke nan abu biyu ƙashi ke so. In akwai tubali babu mai ɗauko shi, gini ba ya tashi. In akwai mai ɗauka babu tubali, nan ma gini ba ya tashi. Ku riƙe wagga magana, ita ce uwar karatunmu.

INA AKE SAMUN BITAMIN D?

Sauran bitamin daga abinci muke samun su. Shi wanga, jikinmu ne ke yin shi da kansa. In hasken rana ya taɓa fata, sai fata ta fara aikin. Jini ya kai shi hanta, hanta ta gyara. Daga nan ƙoda ta ƙarasa. Sannan ya kama aikinsa.

Ba kowace rana ce ke wanga aiki ba. Ranar sassafe da ta marece ba su da ƙarfi. Ga alama mai sauƙi: dubi inuwarka. In ta fi ka tsawo sosai, fata ba ta yin bitamin D mai yawa. In hantsi ya ɗaga, inuwa ta taƙaice, to lokaci ya yi. Rana ba ta yin aikin ta bayan tufa mai kauri, ko ta bayan gilashin taga. Baƙar fata kuma ta fi farar fata daɗewa kafin ta yi abin da ya isa. Minti 20 zuwa 30, hannuwa da ƙwauri a buɗe, kwana uku ko huɗu cikin mako, suna taimako ƙwarai. Ba a ce mutum ya zauna har rana ta ƙona shi ba.

Akwai shi kaɗan cikin abinci: gwaiduwar ƙwai, hanta, da kifi mai maiƙo irin sardin na gwangwani. Hatsi, dawa, masara, wake da gujiya ba su da shi. Nonon uwa ma, duk da shi ne sarkin abincin jariri, bitamin D ɗin cikinsa kaɗan ne.

YADDA AKA GANO SHI

A Ingila, zamanin da aka cika birane da gidajen ƙere-ƙere, hayaƙin gawayi ya rufe sama. Talakawa suna zaune cikin lunguna masu duhu. Ɗiyansu da yawa suka tashi da ƙafafu a lanƙwashe. Ciwon ya yi yawa har waɗansu ƙasashe suka riƙa kiran shi ciwon Ingila.

A shekara ta 1919, wani likita a birnin Berlin na ƙasar Jamus ya haska ma irin waɗanga yara wata fitila mai haske irin na rana. Ƙashinsu ya yi ƙarfi. A shekara ta 1922, masu bincike a Amurka suka gane cewa cikin man hantar wani kifin teku akwai abin da ke warkar da ciwon. An riga an san bitamin A da B da C. Shi ne na huɗu, sai aka sa masa D.

TO MU DA KE DA RANA FA?

Wani zai ce: mu nan Nijar rana ba ta yi mana rowa ba. Daga Tawa har Damagaram, manomi da makiyayi da mai zuwa rijiya wuni suke cikinta. To me ya sa muke ganin yara masu ƙafar baka?

Amsa ta zo daga maƙwabtanmu. A shekara ta 1999 aka fitar da sakamakon wani bincike da likitoci suka yi a birnin Jos, cikin Nijeriya. Sun ɗauki yara 123 masu wanga ciwo, suka raba su gida uku. Na farko aka ba su bitamin D kaɗai. Na biyu kalsiyom kaɗai. Na uku aka haɗa masu duka biyun. Bayan mako 24, waɗanda suka samu kalsiyom sun fi warkewa bisa waɗanda suka samu bitamin D kaɗai. Da aka duba abincin yaran, sai aka tarar tuwo da kunu ne, nono kaɗan ko babu. Mai ɗaukar tubali yana nan, tubalin ne babu.

Abincinmu bai yi nisa da nasu ba. Hatsi yana ƙosarwa, yana ba da ƙarfin aiki, amma kalsiyom ɗinsa kaɗan ne. Da rani, in shanu sun yi nisa, ko an kai nonon gida duka kasuwa, sai a dama fura da ruwa zalla. Babba yana iya jurewa, don gininsa ya ƙare. Yaron da aka yaye kuwa, gininsa yanzu ake cikin yi.

ALAMOMIN CIWO GA YARO

Uwa da uba, ku lura da waɗanga:

1. Wuyan hannu da idon sawu sun kumbura, sun yi kauri.
2. Ƙulle-ƙulle sun jeru bisa haƙarƙari kamar ƴaƴan carbi.
3. Maɗiga ba ta rufe ba har yaro ya kusa shekara 2.
4. Yaro ya makara ga zama, ga tsayuwa, ga tafiya, ko ga fitar haƙora.
5. Ƙafafu sun yi baka, ko sun yi gwame, kuma abin ƙaruwa yake.
6. Yaro yana kukan ƙafa, ba ya son tafiya.
7. Wani lokaci jariri ya riƙa taune-taune ko jijjiga ba tare da zafin jiki ba. Wanga na gaggawa ne, a kai shi likita nan take.

Kada hankali ya tashi banza. Yaro mai koyon tafiya, ƙafarsa takan ɗan yi baka, ta miƙe da kanta wajen shekara 2. Amma in ya wuce haka tana ƙara lanƙwasa, ko ƙafa guda ta fi guda, a kai shi likita.

Wanga ciwo ba sammu ba ne, ba aikin iska ba ne. Ba goyo ne ke kawo shi ba. Kada a yi wa yaro tsaga ko sakiya, kada a ɗaure masa ƙafa da kara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an kai yaro da wuri, magani da abinci suna ƙarfafa ƙashi cikin ƴan watanni, ƙafa ta riƙa miƙewa yana girma. In aka bari ya girma da shi, sai aikin fiɗa, ko ya zauna haka.

Ga ɗiya mace abin ya fi nauyi. Ciwon yana iya matse ƙashin ƙugunta. Ranar da ta girma ta zo haihuwa, hanya ta yi wa ɗa kaɗan. Nonon da aka ba yarinya yau, ranar haihuwarta yake rana.

WAƊANDA RANA BA TA GANI

Cikin gari mai rana ma akwai masu zaman inuwa. Akwai matar da ke kulle, mai wuni cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa. Akwai mai jego. Akwai tsoho ko tsohuwa da ba su iya fita, da majinyacin da ya daɗe kwance. Waɗanga su ne rashin bitamin D ya fi kamawa.

Ga babba, ƙashi ba ya yin baka kamar na yaro, amma yana laushi. Mace ta riƙa jin ciwon baya da na ƙugu. In ta zauna ƙasa, tashi ya yi mata wuya sai ta dafa. Mai ciki da ba ta da bitamin D isasshe, jaririnta ma da kaɗan yake zuwa duniya.

Maigida, gyaran wanga ba ya cin ko dala. Ba sai an fita waje ba. Tsakar gida ma rana ce. Uwargida ta yi tankaɗe, ko wanki, ko tsintar wake a fili da hantsi, hannuwa a buɗe, cikin sirrin gidanta. A fito da tsofaffi su sha hantsi. Yaron da ya fara rarrafe a bar shi ya yi wasa a tsakar gida.

Mutum biyu ne za a kiyaye. Jariri da bai kai wata 6 ba, ba a shanya shi cikin rana, fatarsa ba ta ƙwari. Zabiya kuma rana cuta ce gare shi. Ya rufe jiki, ya sa malfa, ya nemi shawarar likita.

ABINCIN DA KE GINA ƘASHI

Likitocin yara na ƙasashe da dama sun fitar da shawara guda a shekara ta 2016. Sun ce yaron da ya wuce shekara 1 yana son kalsiyom fiye da miligiram 500 kowace rana. In abin da yake samu bai kai 300 ba, yana cikin haɗari.

Lita guda ta nonon saniya tana da wajen miligiram 1200. Nonon akuya, na tunkiya da na raƙuma duk suna da shi. Kindirmo da cuku ma haka. A dafa madara kafin a ba yaro. In nono ya yi wuya, ga masu taimako: ƙananan kifi busassu a daka su da ƙayarsu a zuba a miya ko kunu, miyar kuka, ganyen zogala, riɗi. Jariri kuwa nonon uwa zalla har wata 6. Bayan haka a ƙara masa kunu mai haɗi, a ci gaba da ba shi mama har shekara 2.

Mai saniya ko akuya, a fid da rabon yara kafin a kai kasuwa.

WA ZAI SHA NA KWALBA?

Bitamin D na kwalba ko na ƙwaya magani ne na gaskiya ga wanda ke bukatar shi. Ana auna shi da wani ma'auni da ake rubutawa UI a jikin kwalba. Shawarar 2016 ta ce jariri ya samu UI 400 kowace rana, daga haihuwa har wata 12, mai ciki kuma UI 600. Ke nan mai ciki da mai goyo su tambaya a wurin awo. Yaron da ciwo ya riga ya kama, likita ne zai faɗi adadi, ya haɗa masa da kalsiyom.

Babba lafiyayye mai wuni a gona fa? A Amurka an gwada mutum fiye da dubu 25, duka manya. Rabi suna shan bitamin D kullum, rabi ba su sha, har wajen shekara 5. Sakamakon da aka fitar a 2018 da 2022 ya nuna bai rage masu ciwon daji ba, bai rage ciwon zuciya ba, bai rage karaya ba. Tulun da ya cika, ƙarin ruwa ba ya amfanin shi.

Yawansa kuma cuta ne. Bitamin D ba ya fita da fitsari da sauri, taruwa yake cikin jiki. In ya yi yawa sai amai, ƙishirwa, yawan fitsari, taurin ciki, har tsakuwa a ƙoda. Rana ba ta kawo haka, don fata ta san inda take tsayawa. Ƙwaya ce ke kawo shi. Mai talla a kasuwa bai san adadi ba. Maganinsa ya sha rana da ƙura, wani ma jabu ne. A sayi magani a farmasi, da takardar likita.

Kada kuma a rikita. Ɗan ƙwanso ja ko shuɗi da ake matsa wa yara a baki lokacin rigakafi, bitamin A ne, na ido da kariyar jiki. Ƙwayar ƙarin jini ta masu ciki ita ma daban ce. Kowane da aikinsa, wani ba ya maye wani.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Waɗanne abu biyu ne ƙashi ke bukata?
2. Me binciken Jos ya koya mana?
3. Su wane ne cikin garinku ba su samun rana? Me za a yi masu?
4. Wane wata nono ke wuya a garinku? Da me za ku maye shi ga yara?
5. Lissafi: lita guda ta nono tana da miligiram 1200. In aka raba ta kofi 4, nawa ke cikin kofi guda? Kofi nawa zai kai yaro fiye da 500?

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman mata cikin gidaje. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu lafiya da damina mai albarka.