DARASIN KIWON LAFIYA: BA KOWANE JINI BA NE BASIR

'Yan'uwa, duk wanda ya saba shiga kasuwar Gusau, ko ya tsaya a tashar Tsafe ko ta Bunguɗu, ya san muryar masu tallar maganin basir a lasifika. Mun saba da wannan suna har ya zamana duk jinin da muka gani a bayan gida sai mu ce basir ne, mu jiƙa saiwa mu sha, mu yi shiru. Darasinmu na wannan wata yana kan wata cuta wadda takan ɓuya a bayan sunan basir, wato sankarar babban hanji da dubura.

Yadda cutar take

Yawanci takan fara da ɗan tsiro a cikin hanji, wanda bai wuce ƙwayar wake ba, ba zafi, ba alama. Wani tsiron yakan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Idan an gano shi an cire a wannan tsakani, an kashe cutar ke nan tun ba ta tsaya da ƙafafunta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 suka kamu da ita, fiye da 930,000 kuma suka rasu. Ita ce ta biyu wajen kisa cikin dukan sankarori. A dā ana ce mata cutar Turawa. A 1971 likita Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aikin fiɗa a Yuganda, ya danganta ƙarancinta a ƙauyukan Afirka da cin hatsi da dusarsa. Amma binciken likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife ya nuna cewa tana nan a Nijeriya, takan kama mutanenmu da sauran ƙuruciya fiye da Turawa, kuma yawancinsu sai ta yaɗu suke isa asibiti.

Abin da ke ƙara haɗarinta

Shekaru da gado ba su hannunmu, amma sauran suna hannunmu: shan taba, shan giya da burkutu, ƙiba, rashin motsa jiki, da yawan cin jan nama. A 2015 cibiyar binciken sankara ta duniya da ke Faransa ta sa naman da aka adana da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo ta, ta ce giram 50 kowace rana yana ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari. Kilishi na marmari ba laifi ba ne, mayar da shi cimar kullum ne abin tsoro. Mu riƙe gero da dawa da ba a cika surfa su ba, da wake, zogale, kuka da rama.

Alamun da ba a yi musu shiru

Jini a bayan gida, ja ko baƙi. Gudawa ko taurin ciki da suka ɗauki makonni. Jin kamar ba a gama bahaya ba. Rama ba dalili, da ƙarancin jini. Waɗannan kan iya zama basir ko atini, amma likita ne zai tantance. Sau da yawa ƙarin yana kusa da dubura, inda yatsan likita ke kaiwa. Mun san akwai kunya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Gwaji

Akwai gwajin bahaya mai gano jinin da ido ba ya gani, wanda ake yi shekara-shekara. Akwai kuma leƙa hanji da siririn tiyo mai kyamara, wanda da shi ake cire tsiron nan take. A 2021 Amurka ta mai da shekarun fara gwaji 45. Wanda iyayensa ko ɗan'uwansa na jini ya yi cutar, ya fara tun yana da 40, ko kafin haka in likita ya ce.

Mu fara da babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Yariman Bakura a Gusau. In da bukata, za a tura mu asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika, kusa da Zariya. Kuɗin mota da na kati suna da nauyi, amma sun fi sauƙi a kan jinyar cutar da ta riga ta yaɗu.

Tambayoyin nazari

1. Wa muka sani da ya daɗe yana shan maganin basir, jinin bai tsaya ba?
2. Wa zai raka shi asibiti a wannan mako?

Allah ya ba mu lafiya.