Juyen Man Aksul Na Gaba A Gida

Wanda ya zaga unguwar GRA ta Katsina da la'asar zai ga irin motocin da ke shiga gidaje: Prado, Land Cruiser, Highlander, RAV4, Lexus RX, jefi-jefi kuma Subaru. Da yawansu masu ja da ƙafa huɗu ne, wato ƙarfin inji yana isa ga tayoyin gaba da na baya duka. Masu su ba sa wasa da juyen baƙin mai. Amma tambayi maigida yaushe rabon da a duba man aksul na gaba, sai ya dubi direba, direba ya dubi ƙasa. Ga shi kuwa akasarin motocin nan na hannu ne, daga Kwatano ko Legas suka iso, ba wanda ya san abin da mai su na farko ya zuba a Amurka ko Turai.

Bari mu fara da sanin amfanin abin. Ku lura da mahaya ranar hawan Sallah idan sahu zai sha kwana wajen Ƙofar Soro: na ciki yakan ja linzami, na waje ya ƙara sauri, in ba haka ba sahu ya wargaje. Haka tayoyin mota suke a kwana. Ta waje ta fi ta ciki nisan tafiya. Akwai wani ƙullin giya mai haƙora tsakanin tayoyin biyu, wanda makanikai ke kira difaranshal, shi ke raba musu ƙarfi, ya bar kowace ta juya gwargwadon bukatarta. Haƙoran nan suna gugar juna da matsi mai tsanani, man aksul ne kaɗai ke hana su cinye juna.

Man nan yana gajiya. Zafin Afrilu a Katsina yakan haura digiri 40, ga doguwar tafiya zuwa Kano ko Abuja. Sai kuma damina. Idan aka kutsa da mota cikin ruwan da ya kwanta a titi a watan Agusta, ko aka ƙetare rafi a hanyar gona, ƙarfe mai zafi yakan huce farat ɗaya, ya zuƙo ruwa ta ƙaramar kafar da yake shaƙar iska. Ruwa da mai in sun haɗu, tsatsa ta sami gida. Ƙa'idar lokacin juye tana cikin littafin motarka. Ga mai bin hanyoyinmu, kada ya wuce wajen kilomita 40,000 bai canza ba, in kuwa ya shiga ruwa mai zurfi, ya duba a makon.

To, ga inda mutane suka fi yin ɓarna, don haka a karanta a tsanake. Ba kowace mota mai ja da ƙafa huɗu ce ke da man aksul na gaba daban ba. A Highlander da RAV4 da Lexus RX da Honda CR-V, difaranshal na gaba yana cikin giyabos, man giyabos ɗin yake sha. Wanda ya kwance noti a nan yana zaton man aksul yake zubarwa, man giyarsa ya tsiyaye. In ya ɗura mai kauri a gurbinsa, ya shirya kuɗin wani giyabos. Prado da Land Cruiser da Hilux kuwa, nasu yana da gidansa daban, da noti biyu, na zubawa a sama, na tsiyayewa a ƙasa. Subaru mai giyar otomatik tana tsakani: man difaranshal ɗinta daban ne, amma gidansa a manne yake da giyabos, notocin suna maƙwabtaka. Saboda haka kafin ka taɓa sifana, buɗe littafin mota, ka tabbata wane iri ne naka. In littafin ya ɓata, ana samunsa a intanet da sunan mota da shekararta.

Man da ake bukata yana ɗauke da alamar GL-5 a jikin gwangwani, kaurinsa 75W-85 ko 75W-90 ko 80W-90, yadda littafi ya faɗa. Yana da wari mai hawa kai saboda sinadarin farar wuta da ke cikinsa, wannan ba aibi ba ne. Lita biyu takan isa. Sayi wanda ke rufe da hatiminsa. Wanda ake aunawa a gorar ruwa a bakin hanya, Allah kaɗai ya san asalinsa. Akwai masu cewa tunda ƙasarmu da zafi, gara mai lamba 140 mai kamar zuma. Kamfanin da ya ƙera motar ya san akwai Sahara, bi abin da ya rubuta. Haɗa da sababbin washa biyu, da alanki ko sifana daidai kan notin, da tasa, da tsumma, da ɗan famfon hannu mai tiyo, domin bakin zubawa a gefe yake, mazurari ba ya shiga.

Zaga da motar minti goma don man ya saki. Tsaya a kan daɓen siminti mai daidaito, ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya. In sai an ɗaga, a sa ƙafafun ƙarfe gaba da baya don motar ta zauna daidai. Kada ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma ka amince da bulo, yakan farfashe ba sallama. Yara su koma cikin gida. Cire farantin kariya da ke ƙasan inji, ka goge ƙurar da ta kewaye notocin.

Fara kwance na sama. Na sama, ba na ƙasa ba. Dalili: in ka tsiyaye mai sannan na sama ya ƙi fita, ko kansa ya zare, ka zauna da motar da ba ta tafiya ko ƙofar gida. Sai ya fita sannan ka sa tasa ka kwance na ƙasa.

Yanzu dubi notin ƙasan da kyau. A bakinsa akwai maganaɗisu. In ka ga baƙin laushi kamar kwalli, ya shafu tsakanin yatsu ba ya karce, wannan gugar yau da kullum ce, goge shi kawai. In ka ga ɓarɓashi masu ƙyalli da kake iya tsinta da farce, haƙori ko boris ya fara ci. Dubi man kuma. Baƙi mai duhu tsufa ne. In ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga.

Idan man ya daina ɗiga, sa sabon washa, ka mayar da notin ƙasa. Fara da yatsu don kada zaren ya hau karkace, sannan ka ɗaure da sifana ba tare da ƙara mata bututu ba, gidan wasu motocin na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfin samari. Tura mai da famfo a hankali har ya fara malalowa ta bakin sama, nan ne cikarsa. A tsofaffin Subaru masu sandar awo, sandar za ka bi. Rufe, goge, mayar da faranti. Washegari leƙa ƙasan motar ka ga ko ya ɗiga, ka rubuta kilomita da kwanan wata a bangon littafi.

Tsohon man kada a zuba shi a lambatu, ko gindin darbejiya, ko kusa da rijiya da bohol, domin ƙasa takan shanye shi ya gangara ga ruwan sha. Ɗura shi a jarka ka kai gareji. In kuwa ka ga ɓarɓashi, ko kana jin kuka daga gaba wanda ke ƙaruwa da gudu, ko mai yana tsattsafowa ta inda shaf ya shiga, to aikin ya wuce na tsakar gida. Ɗauki notin da abin da ke jikinsa a leda, ka nuna wa bakanike ya gani da idonsa kafin ku yi ciniki.