Bikin Dabbar Teku a Garin Hamanus

A ƙasar Afirka ta Kudu akwai wani gari a bakin teku, sunansa Hamanus, kamar mil 75 gabas da birnin Keftawun. Asalinsa ƙauyen masunta ne. Yau kuwa sunansa ya kai ƙasashe masu nisa saboda wata dabbar teku da ke zuwa gaɓarsa ko wace shekara, da bikin da mutanen garin ke yi dominta. An kawo labarin nan don Hakimai da malamansu su ga yadda abin da ya kusa ƙarewa ya farfaɗo ta hanyar doka da tsaro da ƙidaya.

Siffar Dabbar

Turawa suna ce da ita wel. Wanda ya gan ta sai ya ce kifi ce, amma dabba ce kamar ayu, gama haihuwa ta ke yi, tana shayar da ɗanta nono, kuma tilas ta riƙa tasowa bisa ruwa ta shaƙi iska. Iri-iri ne. Wadda ke zuwa Hamanus baƙa ce, tsawonta ya kan kai ƙafa 50, nauyinta kuwa ya kan yi na giwa takwas ko fi. Ba ta da haƙori. A maimakonsa tana da waɗansu faranti masu geza a bakinta, da su ta ke tace ƙananan halittun ruwa masu kama da jatan lande, su ne abincinta. A kanta akwai tabo-tabo masu kaushi, fari-fari, kuma na ko wacce daban ne da na 'yar'uwarta.

Ƙaurarta

Rabin shekara tana can kudu wajen tekun ƙanƙara tana kiwo, tana tara kitse. Daga watan Yuni, lokacin da sanyi ya kama ƙasashen kudu, sai ta yiwo arewa zuwa lungunan gaɓar Afirka ta Kudu inda ruwa ya ke kwance. Nan ta ke haihuwa, bayan ciki na kamar wata goma sha biyu, ɗa guda mai tsawon ƙafa 15 ko fi. Tana nan har wajen Nuwamba, kusan ba ta cin kome, kitsen jikinta ne ke riƙe da ita da ɗanta. Bisa al'ada sai bayan shekara uku ta ke sake haihuwa. Wannan ya sa in an rage yawansu, ba su mayar da gurbi da sauri.

Yadda Ta Kusa Ƙarewa

Maharban teku na zamanin da sun raɗa mata suna mai ma'anar "wadda ta dace a kashe", don ba ta da sauri, tana zuwa kusa da gaɓa, in kuma ta mutu gawarta ba ta nutsewa. Suna narka kitsenta su sami man fitila da na sabulu, farantan bakinta kuwa a yi ƙashin laima da bulala. Da ya ke iyaye mata da 'ya'yansu su ne ke kusa da gaɓa, su aka fi kashewa. Kafin 1920 'yan ɗaruruwa kaɗai suka rage a tekunan kudu duka.

Dokokin Tsaro

Cikin 1935 wata yarjejeniyar ƙasashe ta fara aiki, ta hana kashe irin wannan wel. Cikin 1946 aka kafa hukumar ƙasashen duniya mai kula da farautar wel. Amma doka ba mai tsaro ba ta hana ɓarna. Daga 1951 zuwa 1971 jiragen ruwan Tarayyar Sobiyet suka kashe fiye da 3,000 a ɓoye, suna kai wa hukumar lissafin ƙarya. Ba a san gaskiyar al'amarin ba sai bayan rushewar ƙasar. Afirka ta Kudu ta rufe mahautarta ta ƙarshe a Daban cikin 1975. Cikin 1982 hukumar ta yanke shawarar a tsai da farautar wel don ciniki, aka fara aiki da wannan cikin 1986.

A Afirka ta Kudu an hana ko wane jirgi matsawa kusa da wel fiye da mita 300 sai da lasin. Lungun tekun da ke gaban Hamanus kuma a kan rufe shi ga jiragen da ba su da izini daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Nuwamba, don masu jego su sami sukuni.

Aikin Ƙidaya

Tun 1969 a ke bin gaɓar da jirgin sama ko wace shekara ana ƙirga su. Daga 1979 aka shiga ɗaukar hoton kan ko wace uwa, ana gane ta da tabonta, a rubuta shekarar da ta haihu. Masanan Jami'ar Firetoriya ke riƙe da wannan rajista. Ita ta nuna yawansu na ƙaruwa da kamar 7 bisa 100 a shekara, har cikin 2009 aka ƙiyasta sun haura 13,000 a tekunan kudu. Ita ce kuma ta fara nuna alamar damuwa, gama a shekarun bayan 2010 iyaye da yawa sun koma haihuwa bayan shekara huɗu ko biyar, suna kuma zuwa a rame. Masana suna danganta wannan da canjin da ya sami makiyayarsu a kudu saboda ɗumamar teku.

Bikin

Cikin 1992 mutanen Hamanus suka fara bikin, a kan yi shi wajen ƙarshen Satumba, lokacin da dabbobin suka fi yawa. Garin yana bisa tudun duwatsu, saboda haka mutum na tsaye a ƙasa yana kallon uwa da ɗanta ba sai ya shiga jirgi ba. Akwai mai shela na gari, yana yawo da ƙaho na busasshiyar ciyawar teku, in ya hangi wel sai ya busa, jama'a su nufi wurin. Ana kiɗa, ana cin kasuwa, ana kafa rumfuna inda masana ke koya wa yara halin teku. Masu masauki da masu abinci da masu jiragen kai baƙi duk suna samun rabonsu. Don haka mutumin gari ya san dabbar nan da ranta ta fi masa amfani, gama wadda aka kashe sau ɗaya a ke cin kuɗinta, mai rai kuwa za ta sake komowa da ɗa.

Abin Lura ga Hakimai da Malamai

Na ɗaya, abin da ke jinkirin haihuwa, a tsare shi a wurin haihuwarsa da lokacinta. Na biyu, lissafin ƙarya ya fi rashin lissafi muni, gama shekara ashirin ana kisa hukuma na tsammanin lafiya. Na uku, rajistar da a ke cikawa ko wace shekara ba fashi ita ke nuna ciwo tun bai yi tsanani ba. Na huɗu, talakawa sun fi kiyaye dokar da suka ga ribarta a hannunsu. Duk Hakimin da ke da gandun daji ko tafki a ƙasarsa zai sami abin aunawa a nan.