Yadda Ake Lallaɓa Mesar Gida Idan Ta Ƙi Cin Abinci

Ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa idan ta tsorata, wadda ake kwasa daga Ghana, Togo da Benin zuwa gidajen masu kiwo a Amurka da Turai, ta yi suna wajen ƙin abinci. Mai ita yakan ruɗe har ya fara tunanin yi mata ɗura, alhali galibi laifin akwatin da take ciki ne, kuma daga can ake farawa. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, in babu ɗumi kuwa abinci ba ya narkewa a cikinsa. Don haka a sa ma'aunin zafi, a tabbatar gefe ɗaya ya kai digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen kuma kamar 26. Sai maɓoya. A daji cikin suri da ramin ɓera take wuni, saboda haka a ba ta matsattsen kogo a kowane gefe, a daina ɗaukarta na mako guda. A duba idonta kuma: in ya yi hazo-hazo, saɓa za ta yi, ba kasafai take ci ba sai ta gama.

Bayan haka ne ake miƙa abinci, da dare, lokacin farautarta. A narkar da daskararren ɓera, a ɗumama shi cikin leda a ruwan ɗumi, domin da 'yan ramukan da ke leɓenta take jin zafin abin da za ta kama. A riƙe shi da dogon hantsaki, a ɗan kaɗa shi. In ta kau da kai, a ajiye a bakin kogon a kashe fitila, da safe a kwashe. Sai bayan mako a sake. Tayi kullum ƙara firgita ta yake yi. Wasu sukan ce a jefa mata ɓera mai rai kawai, amma ɓeran da aka bari da mesar da ba ta jin yunwa gwaguyarta yake yi.

To, in yunwa ta kashe ta ana ta jira fa? Babbar mesa takan yi watanni ba ta ci ba, musamman namiji a lokacin barbara, kuma ba ta rame ba. Sikeli ne alƙali: a riƙa auna ta ana rubutawa. In ta zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinta, ko ana jin fito a numfashinta, ko majina ta taru a bakinta, sai likitan dabbobi. Jaririya ba ta da wannan juriyar, ita a kai ta da wuri, kuma ɗurar ma likita ne zai yanke ko ta kama.