Sauyin Ra'ayin Hausawa Game da Ilmin Boko

Hausawa kan ce ra'ayi riga, kowa da irin tasa. Amma riga takan tsufa a sake wata. Lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, iyaye da yawa sun ƙi ba da 'ya'yansu, don tsoron kada Nasara su raba su da addini. Wasu masu sarauta ma 'ya'yan barorinsu suka tura. Abin da ya karya wannan ra'ayi shi ne ganin ido: ɗaliban Kwalejin Katsina, irin su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun riƙe mulki, kuma ba su bar salla ba. Ashe tsoro ke kafa ra'ayi, misali na gida kuwa ke tumɓuke shi.