Darasi: Kula da Motar Ikkilisiya

'Yan'uwa, motar da ke kai marasa lafiyarmu asibiti amana ce a hannunmu. Doka ta wajabta inshorar da ke biyan wanda muka yi wa ɓarna, amma wannan inshora ba ta gyara tamu motar. Saboda haka a riƙa ware kuɗin gyara daga baiko kowane wata.

Kafin tafiya, direba ya duba baƙin mai, ruwa, birki da fitilu. Ya karanta lambobi huɗu na jikin taya: 2519 na nufin an yi ta a mako na 25 na shekarar 2019. Tsohuwar taya takan fashe da zafin kwalta. In haɗari ya faru, a kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra.

Tambayar tattaunawa: wane ne ke duba motarku?