Zaɓen Muƙamin Manajan Haja Gwargwadon Ƙwarewar Mutum

Muƙamin manajan haja ya samo asali ne a shekarar 1931, lokacin da Neil McElroy, ma'aikaci a sashen talla na kamfanin Procter & Gamble a Amurka, ya rubuta wa shugabanninsa takarda. A lokacin, sabulun Camay na kamfanin yana shan gogayya har daga ɗan'uwansa Ivory. Shawarar McElroy ita ce a ɗora wa mutum guda alhakin kowace haja, ya bi sawunta tun daga masana'anta har zuwa hannun mai saye.

A yau sunan muƙamin ɗaya ne, amma aikin ya kasu gida uku, kuma wanda ya shiga gidan da ba nasa ba yakan jawo wa kansa kora, ya jawo wa kamfani asarar jari.

Na farko shi ne manajan kayan masarufi, irin wanda ke kula da Maggi a Nestle ko Bournvita a Cadbury. Aikinsa ya rataya ne kan farashi, girman ƙunshi, talla da hulɗa da dillalai a manyan kasuwanni kamar Onitsha da Singa ta Kano. Wannan ya dace da mai kaifin lissafi wanda ba ya ƙyashin zaga kasuwa.

Na biyu shi ne manajan hajar fasaha, kamar manhajar biyan kuɗi ta Paystack, kamfanin Legas da Stripe ya saya a 2020. A nan yawancin mu'amala da injiniyoyi ake yi, don haka wajibi ne mutum ya fahimci yadda ake gina manhaja, ya san abin da zai yiwu cikin mako guda da abin da zai ci shekara.

Na uku shi ne mai ƙaddamar da sabuwar haja a ƙaramin kamfani, inda babu alƙaluman ciniki na baya da za a dogara da su. Wannan yana buƙatar juriya da iya yanke shawara cikin rashin tabbas. Wanda ya fi natsuwa cikin tsayayyen tsari ya fi kyau ya nemi babban kamfani.

Kafin karɓar takardar kama aiki, ya kamata mai nema ya yi tambayoyi uku: wa zai riƙa ba wa rahoto, da wane ma'auni za a auna ƙwazonsa, kuma ko yana da ta cewa kan farashi da kasafin kuɗi. Amsoshin ne ke fayyace ainihin aikin fiye da sunan muƙamin.

Har ila yau, manajan haja yakan ɗauki alhakin sakamako ba tare da iko kan masu aikin ba. Saboda haka iya shawo kan abokan aiki sharaɗi ne a dukkan gidajen uku.